Kama Haya a Cikin Gari: Shawarwari Ga Iyalan Kamarawa, Isa da Sabon Birni

Mutumin Kamarawa bai taso da haya ba. Idan yaro ya isa aure, sai a yanka masa wuri a bayan gidan ubansa, dangi su taru a kwaɓa ƙasa, kafin ruwa ya sauka ɗaki ya tashi. Baƙo kuwa masauki ake ba shi, ba a karɓar ko sisinsa. Shekarun baya-bayan nan ne suka zo da wani abu daban. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi garuruwa a ƙasar Isa da Sabon Birni. A watan Mayun 2020 an kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni cikin yini guda. A Disambar 2021 an ƙona matafiya cikin motarsu kusa da Gidan Bawa. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Wasu iyalan sun tsallaka jihar Maraɗi, wasu sun matsa cikin Isa ko Shinkafi, da yawa kuma sun miƙe sai birnin Shehu, Sakkwato. Ga masu zuwa jinya, da masu kawo yara karatu, da masu neman aiki.

Kowa ya zo, da idon gida yake duba ɗaki: faɗinsa, ƙarfin bangonsa, ko rufin yana yoyo. Duk wannan daidai ne, sai dai ba shi ke karya ɗan haya a birni ba. Abin da ke karya shi kuɗin yau da kullum ne waɗanda ba wanda ke ambatar su ranar ciniki: ruwa, itace, kuɗin hawa, wuta, kwasar masai. A ƙauye waɗannan ko dai kyauta ne ko kuma ƙarfin jiki ke biyan su. A Sakkwato kowanne yana da farashi.

1. Fara sanin inda za ka nemi abinci, sannan ka nemi gida.

Yawancin masu zuwa suna yin akasin haka. Su ji an ce akwai ɗaki mai sauƙi a Kwannawa ko Dambuwa ko More, su biya, sai bayan sun tare su tarar aikin da maigida ke samu a Kasuwar Kara yake, ko a babbar kasuwa ta Shehu Shagari, ko a Tsohuwar Kasuwa. Daga nan kullum sai an hau kabu-kabu ko agwagwa da buje. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin hawa ya daina zama ƙaramin abu.

Yi lissafin da kanka. A ce, don misali kawai, zuwa naira 500 ne, dawowa 500, kuma kana fita kwana 26 a wata. Naira 26,000 ke nan a wata, 312,000 a shekara, na mutum ɗaya, ba a sa kuɗin kai yara makaranta ko zuwa asibiti ba. Ɗora wannan a kan hayar ɗakin bayan gari, sannan ka gwada da ta ɗakin da za ka tashi daga cikinsa ka taka zuwa wurin aiki. Sau da yawa mai tsadar ne zai fito da rahusa.

Tsohon gari, wato Kanwuri da Giɗaɗawa da Rijiyar Ɗorowa da Marina da unguwannin da ke bakin ƙofofi irin su Ƙofar Atiku, Ƙofar Rini, Ƙofar Taramniya da Ƙofar Kaɗe, yana da abin da sabon zuwa ke bukata. Kasuwa kusa, Asibitin Ƙwararru kusa, masallacin Shehu da na Bello kusa, makarantun allo a kowane lungu, ga jama'a masu sayen duk abin da mace ta soya ko ta dama. Abin da ba shi da shi fili ne. Gari ne da aka kafa tun 1809, gidajensa sun sha rabon gado har sun tsuke, lungunansa kuma wasu ko kurar ruwa da ƙyar take shiga. Mabera, Minannata, Tudun Wada, Gidan Igwai da Runjin Sambo suna tsaka-tsaki. Wanda jinya mai tsawo ta kawo shi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, gara ya nemi wajen Gawon Nama ko Arkilla, ko da ɗakin ya fi ƙanƙanta.

2. Idan Isa, Sabon Birni ko Shinkafi ka nufa, tsakiyar gari ta fi gefensa.

A waɗannan garuruwa lissafin ba na kuɗin hawa ba ne, na barci ne. Gidajen ƙarshen gari su ne masu arha, su ne kuma farkon inda ake isa da dare. Mai son ya riƙa leƙa gonarsa a Kamarawa, ko ya ci kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, zama a nan ya fi masa tafiya Sakkwato, amma ya ƙara kuɗi ya shiga cikin mutane. Wanda ya tsallaka Maraɗi kuma ya tuna can wata-wata aka fi biya, da sefa, kuma abin da ke shigo masa naira ce. Duk ranar da naira ta faɗi, hayarsa ta tashi ba tare da mai gida ya ƙara ko dala ba.

3. Kada gona ta biya haya.

Haya tana dawowa kowace shekara, gona kuwa sau ɗaya ake sayar da ita. Na san abin da za a ce: gonar da ba a iya zuwa, me amfaninta? Amma yanzu ne farashinta ya fi kowane lokaci faɗuwa, kuma mai saye ya san halin da kake ciki. In dole ce ta kama, a fara da abin da ke da baki yana ci, wato tumaki da awaki, waɗanda ko an kawo su birni babu turken ɗaure su. Gonar a ba ɗan'uwan da ya zauna aro, ko a yi yarjejeniyar raba amfani. Jingina ma a yi ta da shaidu da takarda.

Sai lokacin biya. A Sakkwato hayar shekara aka saba karɓa gaba ɗaya. Dokar da ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya ta jihar Legas ce, ta 2011, ba ta aiki a nan, don haka mai gida yana iya cewa shekara biyu yake so. Kada ka yarda da biyu a gidan da ba ka taɓa kwana ciki ba. Roƙi wata shida in zai yiwu. Kuma yi ƙoƙari wa'adinka ya riƙa cika bayan kaka, lokacin da gero da wake suka shigo, ko bayan an fid da albasar rani. Wanda hayarsa ke ƙarewa a watan Yuli ko Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kowace shekara sai ya ci bashi.

4. Dillali yana da amfani, amma la'adarsa bayan ciniki ce.

Ba za ka san ɗakin da babu kowa a Rijiyar Ɗorowa ba sai ta bakin dillali ko ɗan unguwa. Abin da aka fi sabawa da shi kashi 10 cikin 100 ne na kuɗin shekara, amma a tsayar da magana tun kafin a fita: nawa ne, kuma wa zai biya, kai ko mai gida? Ɗan kuɗin mai na zagayawa ba laifi. Kafin alƙalami a hannun dillali, kan ɗakin da ba a buɗe maka ba, wannan kam a'a. Idan ya ce maka "wani na nan tafe da kuɗinai, in ba ka aje wani abu ba ya wuce ka", ka ce Allah ya sa alheri, ka tafi. Ɗaki ɗaya ana iya karɓar masa kuɗin mutum uku, kuma baƙo mai iyali a tasha shi ne ya fi saurin faɗawa.

5. "Wa ad da gidan ga?"

Wannan tambaya ta fi kowace nauyi a cikin gari, domin gidaje da yawa na gado ne da ba a raba ba. Wanda ya nuna maka ɗaki yana iya zama ɗaya daga cikin magada goma sha. Ka biya shi, bayan wata uku yayansa ya dawo daga tafiya ya ce shi bai sani ba, ko kotu ta sa ranar rabo, ko a sayar da gidan da kai a ciki. Tambayi maƙwabta, tambayi limamin masallacin lungun, tambayi mai unguwa: wa magada suka wakilta ya karɓi haya? Akwai shari'a a kan gidan? Ana maganar sayarwa? Idan wakili ne ke kula da gidan, a kira mai shi a waya a gabanka, ka ji muryarsa yana faɗin kuɗin da wa'adin.

Haka ma kango. Mutanenmu da yawa suna zaune a gine-ginen da ba a gama ba, da sunan gadi, ba sa biyan komai. Taimako ne, Allah ya saka wa masu yi. Amma kada ka zuba kuɗinka wajen sa ƙofa da taga da daɓe sai an yi magana a gaban shaidu: idan mai shi ya tashi ci gaba da gini, kwana nawa zai ba ka, kuma ƙofar da ka saya taka ce ko tasa?

6. Ruwa ne haya ta biyu.

Ganin famfo a tsakar gida ba shaida ba ce. Murɗa shi. In bai kawo ba, za a ce maka "da dare shi ka zowa". Kada ka tsaya a nan, nemi wata mata a gidan ko a maƙwabta, a tambaye ta yaushe rabon da ya zo, kuma yaya ake yi a watan Afrilu da Mayu. Ruwan famfon birnin daga gulbi ake tace shi, kuma madatsar Goronyo ce ke riƙe da gulbin Rima da rani. Idan ruwa ya ja baya a can, ko wuta ta yanke a matatar, unguwanni sukan kwana biyu a bushe, 'yan ga-ruwa kuma su ƙara kuɗi a ranar.

Ga yadda za ka auna. Ma'aikatan lafiya suna ɗaukar lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke bukata a yini, na sha da girki da ɗan tsafta. Gida mai mutum takwas lita 160 ke nan, kusan jarka bakwai masu cin lita 25, ranar da ba a yi babban wanki ba. Tambayi kuɗin jarka a lungun, ka ninka sau bakwai, ka sake ninkawa sau 30. Abin da ya fito shi ne kuɗin ruwanka na wata. Gidan da ke da rijiya mai kyau, ko yake kusa da mai burtsatse da ke barin maƙwabta su ɗiba, ya cancanci ƙarin da aka ɗora masa. Duba kuma ko kura tana isa ƙofar gidan. In ba ta isa, ɗiyanka ne za su zama masu jido, kuma makarantar safe ce za ta biya.

7. Wuta: nemi ganin takardar bil ta ƙarshe.

Kamfanin rarraba wuta na Kaduna ne ke ba Sakkwato, tare da Kabi da Zamfara. Mai mita ta kati abin da ya saya yake sha. Marar mita ƙiyasi ake yi masa, ko da yake hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta sa wa ƙiyasin iyaka tun 2020. A aikace bashi gidan yake bi, don haka idan wanda ya tashi ya bar tarin kuɗi, kai za a zo yanke wa waya. A rubuta cewa bashin da ya gabaci ranar tarewarka na mai gida ne.

An kasa layukan wuta rukuni biyar, daga A mai alkawarin awa 20 a yini zuwa E mai awa huɗu. A Afrilun 2024 kuɗin rukunin A ya ninka fiye da sau uku. Saboda haka "unguwar ga ba a ɗauke wuta" ba albishir ba ne kawai, tambayi rukunin. A gidan yawa mai mita ɗaya kuma, a san yadda ake rabo kafin ka shiga. Mai ƙwai biyu da fanka bai kamata ya biya daidai da mai firiza yana sayar da ƙanƙara ba, kuma rigimar gidan haya da yawa daga nan take tashi.

8. Bango yana faɗin abin da mai gida ya ɓoye.

Wanda ya ga gida a watan Janairu bai ga gidan ba. Idan ba za ka iya jiran damina ba, duƙa ka dubi gindin bango, ciki da waje. Layin da ruwa ya taɓa tsayawa ba ya ɓacewa, gishirin da ke cin siminti ma haka. Sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kaɗai abin tambaya ne. Ɗaga kai ka dubi silin ko akwai tabon yoyo, a ɗakin soro kuma dubi azara ko gara ta ci, da indararo ko yana zuba a inda ya dace. Daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu? Tsakar gida ta fi lungu tudu? A tsohon gari an yi ta ciko a hanya har wasu gidaje sun koma rami. Mabera ta daɗe da suna wajen kwanciyar ruwa, unguwannin da ke gangaren fadama kuma ba su manta ambaliyar Satumbar 2010 ba, wadda ta karya gadar zuwa mazaunin dindindin na jami'a.

Sai zafi. A bazara Sakkwato tana wuce digiri 40. Ɗakin kwano marar silin, mai taga ɗaya, ba ya kwantuwa, kuma a gidan yawa ba kowa ke samun wurin shimfiɗa a waje ba. Cunkoso cikin irin wannan ɗaki shi ne abin da sanƙarau ke so, kuma an ga ɓarnar da ya yi a Sakkwato da Zamfara a 2017. Nemi ɗaki mai taga biyu da ke kallon juna. Da hunturu kuma kada a kwana da garwashin gawayi a ɗaki rufe, kada a kunna janareto a zaure ko bakin taga. Hayaƙin da ke kashewa ba shi da wari.

9. Shiga makewayi kafin ka shiga ɗaki.

Mutum nawa ke amfani da shi? Ya kusa cika? In ya cika, wa ke biyan masu kwasa? Yana da ƙofa mai sakata, ko buhu aka rataya? Idan gidan da rijiya, auna tazararta da masai. Abin da ake so mita 30 ne, abin da ba kasafai ake samu a cikin gari ba. In sun yi kusa, ruwan na wanki ne, na sha a tafasa ko a sa masa magani. Amai da gudawa na 2021 ya shiga gidaje da yawa ta wannan hanya.

10. Uwargida ta ga gidan kafin a biya.

Kai da safe za ka fita, ita za ta wuni a ciki. Ita ta san ko madafar za ta ɗauki tukunyarta, ko akwai inda za a kafa murhu ba tare da hayaƙi ya cika ɗakin maƙwabciya ba, inda za a yi shanya, inda za a ajiye turmi. Wasu masu gida ba sa yarda da daka saboda daɓe, wasu ba sa yarda da itace sai gawayi ko gas. Matar da ta saba da sashenta ita kaɗai, yau an haɗa ta tsakar gida ɗaya da mata biyar da samarin wani ɗaki, ba ƙaramin sauyi ba ne, kuma mai kulle sai an duba mata yadda za ta kai makewayi.

Akwai kuma maganar sana'a. A gidaje da yawa da suka baro ƙasar Isa da Sabon Birni, ƙuli-ƙulin mace da furarta da awararta ne ke ciyar da gida kafin maigida ya samu abin yi. A tambaya tun farko ko an yarda a yi suya a gidan, ko yara za su iya shigowa saye. Nan ne cikin gari ya fi bayan gari nesa ba kusa ba.

Matar da mijinta ya rasu, ita ma tana da ikon kama haya da sunanta. Ta tafi da ɗan'uwa ko malamin da ta yarda da shi ya zama shaida, amma sunanta za a rubuta a takarda, ba nasa ba.

11. Faɗi yawanku, har da waɗanda ba su iso ba.

Ana jarabtar mutum ya ce "mu huɗu ne" don kada a hana shi, bayan sati biyu a ga mutum goma sha ɗaya. Mai gida zai ji an yaudare shi, kuma daga ranar komai naka laifi ne. Gaskiyar ita ce duk ɗan Kamarawa da ya kama ɗaki a Sakkwato ya buɗe wa garinsu masauki. Mai jinya zai sauka, mai rakiyar mai jinya zai sauka, ɗalibi mai jiran jarrabawa, da wanda aka tasa da dare ya iso da kayan jikinsa. Ba za ka kore su ba, bai ma kamata ba. To faɗa tun farko: "Alhaji, mu bakwai ne, kuma mutanen gida za su riƙa zuwa asibiti suna kwana biyu." Wanda ya karɓe ka a haka, shi ne mai gidan da za ka daɗe da shi. In da hali, gida mai zaure ya fi, don baƙi maza.

12. A rubuta.

Mutanenmu suna jin kunyar neman takarda daga dattijo, kamar an ce ba a yarda da shi ba. Ba rashin yarda ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma a fiƙihun Malikiyya haya ba ta inganta sai an san kuɗin an san wa'adin. Dattijon yana iya rasuwa, kuma magadansa ba su ji abin da kuka faɗa a zaure ba.

Ba sai an je wurin lauya ba. Takarda ɗaya ta isa, da boko ko da ajami, a yi ta biyu kowa ya riƙe ɗaya. A sa sunan mai gida da na ɗan haya, da unguwa, da ɗakunan da aka kama. A sa kuɗin da lamba da kuma kalmomi, da ranar farawa da ranar ƙarewa. A faɗi kalandar da ake bi, domin shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da wajen kwana 11, kuma an sha yin musu a kan haka. A faɗi wanda ke gyaran rufi da masai da famfo. Idan kai za ka yi gyara a cire a haya, a rubuta adadin kafin ka sayi buhun siminti ko ɗaya. A faɗi wata nawa za a sanar da kai kafin ƙari ko tashi. Shaidu biyu su sa hannu, ɗaya naka ɗaya nasa.

In ka biya ta banki ko ta wurin mai POS, tura wa asusun mai gidan kansa, ka ajiye rasit, ka ɗauki hotonsa da waya domin rubutunsa yana gogewa. Hoton takardar hayar ma a tura wa wani ɗan'uwa. Wanda ya taɓa barin gida a guje ya san yadda takardu ke salwanta.

13. Kai kanka wurin mai unguwa kafin a kai ka.

Magana ce marar daɗi, amma sai an faɗe ta: akwai masu gida da ke ɗari-ɗari da duk wanda ya ce daga Isa ko Sabon Birni yake, don tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Mutumin da aka kora daga gidansa, a zo kuma ana yi masa kallon wanda ya kore shi, abin da ciwo. Maganinsa shi ne a san ka. Taho da takarda daga hakiminku ko mai garinku in ana iya samu, da katin ɗan ƙasa. Nemi wani ɗan yankinku da ya daɗe a birni ya raka ka. Ka je ka ce: "Ranka shi daɗe, ni ne baƙon da ya sauka gidan Alhaji wane, ga inda na fito, ga iyalina, ga sana'ata." Ka riƙa sallah a masallacin lungu, ka ba da kuɗin 'yan sintiri in ana tarawa. In Allah ya haɗa ka da mai gida Bayarabe kuma kai Bagobiri ne, to ka samu abokin wasa, sai ka nemi ragi da ƙarfin gwiwa.

Abin da ka sayar kafin ka taho, da abin da ya rage a hannunka, wannan kuma tsakaninka da iyalinka.

14. San haƙƙinka ranar da aka ce ka tashi.

Mai gida ba shi da ikon cire maka ƙofa ko kwano, ko watsa kayanka waje, ko kawo 'yan sanda su fid da kai. Kotu ce kaɗai ke tayar da ɗan haya. A ƙa'idar da kotunan Najeriya suka saba bi, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan wata-wata ana ba shi sanarwar wata ɗaya, mai zaman shekara-shekara wata shida, bayan nan a ba shi wata takardar ta kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Amma a lura: idan takardarku ta ce haya ta shekara ɗaya ce daga rana kaza zuwa rana kaza, to ranar da ta cika ta cika, kwana bakwai ɗin nan kaɗai suka rage maka. Shi ya sa aka ce a rubuta wa'adin sanarwa a ciki. Wanda ake bi bashin haya kuma hujjarsa tana raunana, don haka in ka ga ba za ka iya biya a kan lokaci ba, je ka faɗa da wata biyu a gaba, da abin da ya samu a hannunka.

A kotun shari'ar Musulunci, wadda yawancin mutanenmu suka fi sakin jiki da ita, hukuncin Malikiyya shi ne mutuwar mai gida ko ta ɗan haya ba ta rushe hayar da aka ƙulla zuwa wa'adi. Idan maigida ya rasu saura wata biyar, matarsa da 'ya'yansa suna da wata biyar ɗin nan, magadan mai gida ma dole su jira. Kafin a kai ga kotu, mai unguwa da liman sukan kashe mafi yawan irin wannan rigima a zama ɗaya. In ta ƙi, Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta ƙasa tana da ofishi a Sakkwato don marasa hali.

Ranar fita, a kira mai gida ko wakilinsa ya duba ɗaki a gaban shaida, a karanta mita, a ba shi makulli hannu da hannu, ya rubuta a bayan takardar hayar cewa ba ya bin ka komai.